Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina a Banki

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, tawa ce, da ƙafata na taka ta. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata ce take rubuta wannan yadda nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne sunan nan da kuka tashi kuka ji ana kirana da shi a Ƙarfi, wato Ta-banki. An ce mini wasunku sun ɗauka wata dukiya gare ni a ajiye. Wasu kuma an gaya musu wai kwaɗayi ne ya sa na zubar da kunyata a gaban maza a Funtuwa. To, ga yadda aka yi.

Wadda kuke kira Mama ta Kaduna ita ce 'yar farina. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kamar yadda ba ta kiran na mijinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ce mai rugawa ta ɗauke shi ba. Mun shiga coci tun ina amarya, mun bar abubuwa da yawa na iyayenmu, amma wannan ba mu bar shi ba, don ba na addini ba ne. Da mu da maƙwabtanmu Musulmi duk kunyar ɗaya ce. Ranar da aka kai jaririyar coci, da fasto ya tambayi sunanta, kaina na sunkuyar, yayar kakanku ce ta amsa, Gwaggo Tabawa. Da aka yaye ta kuma ɗakin Tabawa ta koma. Ita ta yi mata kitso, ita ta raka ta makarantar mishan da kwanon gari a ka. Ni kuwa ina nan tsallaken tsakar gida, in zan aike ta sai in ce, ke yarinya. Ta girma, ta tafi Zariya karatu, ta fito, ta yi aure a Kaduna, ban taɓa ce mata komai ba sai ke yarinya.

Aikin da ta samu a wani banki ne, amma ba irin masu zama bayan kanta suna ƙirga kuɗi ba. Ita ce mai koya wa injin nan kwamfuta abin da zai yi. Sai ta rubuta masa magana da irin harshensa, shi kuma ya bi. Da farko na ɗauka wasa ne, ƙarfe ya ji magana. Ta ce mini ai ba ji yake ba, biyayya yake, abin da aka ce masa shi yake yi ko da ba daidai ba ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarun nan, bayan an yanke mana jiharmu daga Kaduna, in ka yi ajiya a bankin Malumfashi, to Malumfashi kaɗai suka san ka. Ka je reshensu na Funtuwa, kai baƙo ne, sai a ce ka jira a aika a tambayo, jiran kuwa ya fi ƙarfin manomi. Shi ya sa wanda ya kai masara ko auduga Funtuwa ya sayar, sai ya ɗaure abinsa a ƙugu ya hau mota yana addu'a. Ƙanen kakanku haka aka tare su a hanya da rana tsaka, ya dawo gida da karyayyen hannu da wahalar shekara a banza. Wannan hannun ne bai fita daga ran yarinyar ba. Ta je ta ce wa manyanta na Ikko a ba ta dama ta haɗa injin Funtuwa da na Malumfashi ta wayar tarho, su riƙa tambayar juna nan take, mutum ya ajiye a can ya ɗauka a nan. Manyan suka ce wannan aikin birni ne, a fara da Ikko, a kuma ɗauko Turawa su yi. Ta nace. Daga ƙarshe suka ce to ta gwada, damina guda. In kaka ta yi abin ya tashi, a ci gaba da shi a sauran garuruwa. In bai tashi ba, a karɓe aikin daga hannunta, a bar maganar ƙauye gaba ɗaya.

Haka ta tattaro ta dawo gida a farkon damina, ita da abokin aikinta Sande, ɗan wani mai shagon yadi ne mutumin kudu, amma haifaffen Funtuwa ne, in yana Hausa daga bayan danga ba ka cewa ba ɗan gari ba ne. Da rana suna can cikin wani ɗaki mai sanyi da aka ware wa injin, an ce shi ba ya son zafi. Kakanku ya ce lallai wannan inji ya fi shi gata. Da yamma ta dawo ta baje manyan takardu a kan tabarma, ta danne gefensu da duwatsu, ta yi ta zana akwatuna tana ja musu kibiya daga wannan zuwa wancan. Ta ce kowane akwati tambaya ce, kowace kibiya hanya ce, kuma dole ta san inda kowace hanya ta ɓulle kafin ta gaya wa injin kalma ɗaya. In wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar aiki fa? In waya ta katse bayan Funtuwa ta bayar amma Malumfashi ba ta ji ba fa? In mutum biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, suka zo rana ɗaya fa? Na ga wahalar noma, na ga ta daka, amma ban taɓa ganin wahalar da mutum zai zauna wuri ɗaya ya rame ba sai a wannan damina. Wayar ma ba ta bar su sun huta ba. Iska ta kayar da turke wajen Tsiga, suka yi kwanaki suna bin layi a kan babur cikin taɓo.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne yadda za a gane mutum. A Malumfashi ma'aikaci ya san fuskarka, ya san ubanka. A Funtuwa fa? Hoto ba ya bin waya a lokacin, dangwalen yatsa ma haka. Ranar haihuwa kuwa, wa ya san ta a cikinmu? Sai suka shirya cewa ranar da mutum ya fara ajiya za a yi masa wasu tambayoyi na cikin gida, injin ya riƙe amsoshin. In ya je wani gari, injin ya zaɓo guda daga ciki, ma'aikaci ya karanta masa, in ya amsa daidai a ba shi. Tambayoyin daga Ikko aka aiko su, cikinsu har da sunan miji da sunan ɗan fari. Tana gani ta ce waɗannan biyun ba za su yiwu a ƙasarmu ba. Wata yamma ina ɓarar gyaɗa ta zo ta zauna ɗan nesa da ni, kamar yadda muka saba, tana kallon wani wuri, ta tambaye ni wace tambaya ce mace za ta amsa a gaban baƙon namiji ba tare da ta ji nauyi ba. Na ce garin da aka auro uwarta, da sunan ƙawarta ta ƙuruciya. Ta rubuta. Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, ni da ita, tun da na haife ta.

Amma Ikko ba su amsa da wuri ba, aiki kuma ba ya jira. Sai aka fara sa mutane a injin da tsofaffin tambayoyin. A nan ne maganata ta shigo. Babban da zai zo duba aikin, Mista Bankole, ya aiko cewa shi ba ya son a gwada masa da ɗan boko ko wani Alhaji da kowa ya sani. Tun da ta ce don mutanen ƙauye take yi, to a kawo masa mace 'yar ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Aka bi gida-gida, ba wadda ta yarda. Wasu mazansu suka hana, wasu suka ce ba za su tsaya gaban abin da ke magana ba baki ba. Ina ji ana ta zancen a tsakar gida, yarinyar ta yi tagumi. Ni kuwa ina da 'yar gayaunata, ina kuma kai daddawa kasuwa. Na ce wa kakanku, ba da ita nake ba, da shi nake, in mace ake nema ai ni ma mace ce.

Tabawa ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ke? A kan aikin 'yar fari? Yaushe kika fara shiga sabgarta?"

"Ba sabgarta na shiga ba, Yaya. Ajiya zan yi, kamar kowa."

Kakanku ya yi dariya ya ce a bar ni, in injin ya cinye ni shi zai nemi wata. Aka kai ni Malumfashi na yi 'yar ajiyata. Sande ne ya zauna gaban injin yana tambayata. Da ya iso kan waɗancan biyun bai ko ɗaga kai ba, ya buga su da kansa, don ya san amsar, injin kuma ba ya wucewa gaba in an bar masa gurbi. Bayan haka izini ya zo daga Ikko, yarinyar ta cire su, ta sa sababbin, ta ce mini in kwantar da hankalina, ba abin da za a tambaye ni sai garin uwata.

Ana gobe gwaji aka yi wani hadari na bankwana, irin mai tsawa ba ruwa sosai. Tsawar ta bi waya ta taɓa injin Funtuwa, duk abin da ke kansa ya goge. Sande yana can shi kaɗai, ya ɗauko faifan da suke adana aikin a ciki ya mayar masa, injin ya tashi lafiya. Abin da bai lura ba, faifan na kafin gyara ne. Ban taɓa riƙe shi da wannan ba, kada ku ma ku riƙe shi. Ba don shi ba da ba a yi gwajin ba ma.

Da safe na ɗaura zanena na zuwa coci, muka hau mota, ni da kakanku da Tabawa, wadda ta ce ba za ta bari a kai 'yarta mahauta ba ta gani ba. Ranar kasuwa ce, bankin ya cika maƙil, manoma da 'yan kasuwa har bakin ƙofa, cikinsu akwai mutanen Ƙarfi da yawa da suka biyo mu kallo. Mista Bankole dogo ne mai furfura, ya gaishe ni da 'yar Hausarsa, ya kuma kafa doka: waɗanda suka gina abin su tsaya can jikin bango, kada su yi magana, kada su yi nuni, don gobe in baƙuwa ta zo ba su nan. Yarinyar ta je ta tsaya, ta harɗe hannu a ƙirji. Ma'aikacin da ke gaban injin dattijo ne, Malam Isiyaku, mai gemu da tabon salla. Na miƙa masa katin ajiyar da aka ba ni a Malumfashi. Ya buga, muka jira. Injin ya yi shiru har mutane suka fara gunaguni, can sai rubutu kore ya fito. Malumfashi ta amsa. Wani daga baya ya ce ikon Allah.

Sai na ga Malam Isiyaku ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge. Ya dubi bango inda yarinyar take, ya dawo ya dube ni. Ya rage murya.

"Baba, ki gafarce ni. Ba ni na ce ba, abin da ya fito ke nan. Wai ki faɗi sunan ɗanki na fari."

Ya rage murya, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. Wata mata ta ja tsaki. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Malam Isiyaku ya juya ga Mista Bankole ya yi masa bayani da Turanci, na gane roƙo yake a sauya tambayar. Mista Bankole ya girgiza kai. Daga baya aka fassara mini abin da ya ce: shi ba mugunta yake ba, amma in ma'aikaci zai iya tsallake tambaya don ya ji tausayi, to ɓarawo ma zai iya sa a ji tausayinsa. Gaskiya ya faɗa. In ba amsa, ba a gane ni ba, in ba a gane ni ba, abin bai yi ba.

Tabawa ta matso ta ce ita ce uwar riƙo, ita za ta faɗa. Aka ce sai mai ajiyar da bakinta. Ta kama gefen mayafina ta ce mini a kunne:

"Mu tafi gida. Aiki ne, za ta samu wani. Ke kuwa in kika buɗe baki a nan, ba ki da inda za ki sa fuskarki a Ƙarfi."

Ba ƙarya ta yi ba, ta kuma faɗa ne don tana sona. Na juya na dubi bango. Tunda nake ban taɓa kallon yarinyar nan ido cikin ido a gaban jama'a ba sai ranar. Ta rame, ƙashin wuyanta ya fito, akwai tabon ƙunar salansar babur a ƙafarta. Doka ta hana ta nuni, amma na ga ta ɗan girgiza mini kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Cewa take kada in faɗa. Ta yarda damina guda ta zube, ta yarda a karɓe aikin, don kada in ji kunya. A nan ne zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Na ce a raina, kunyar nan da nake yi mata tun tana cikin zane, ai don girmanta nake yi, ba don nawa ba. In yau kunyar za ta kayar da ita, to ba ta da sauran amfani a wurina.

Na zare mayafina daga hannun Tabawa, na dafa kantar bankin. Ban yi raɗa ba. Na ga in zan faɗa, gara in faɗa yadda ba za a ce in maimaita ba.

"Sunanta Rifkatu. Ga ta can tsaye. Ita ta gina wannan abin."

Sunan ya fito mini baƙo a baki, kamar na ɗanɗana abincin wata ƙasa, alhali kullum da shi nake kwana a zuci. Malam Isiyaku ya buga. Injin ya yi ƙara, ya turo takarda, aka miƙo mini abin da na ajiye a Malumfashi ina tsaye a Funtuwa. Mista Bankole ya tafa, mutanen birni suka taya shi. Mutanen Ƙarfi ba su tafa ba. Ita kuwa ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna motsi, Sande yana tsaye gefenta bai san inda zai sa hannunsa ba.

A mota Tabawa ta juya mini baya. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Na biya, ba zan ɓoye muku ba. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. A zumuntar mata na coci aka daina ba ni jagorancin waƙa. Da aka tashi bikin 'yar maƙwabciyata, ba a kira ni cikin masu yi wa amarya faɗa ba, aka ce me zan koya mata. Yara suka riƙa bina suna Ta-banki, Ta-banki, iyayensu na jin su. Tabawa ta yi kusan shekara ba ta ci abin da na dafa ba. A ganinta na ƙwace mata 'ya a bainar jama'a, kuma na fahimce ta, don sunan nan nata ne, ita ta fara faɗarsa a coci, ita ta yi ta kiransa safe da yamma. Kakanku kaɗai ne bai sauya mini ba. Cewa ya yi Allah ya taimake shi da injin bai tambayi nasa sunan ba, da yau ya ji yadda yake a bakina.

Ita yarinyar, washegari ta zo ta same ni a madafa, ta durƙusa, ta ce in yafe mata, laifinta ne da ba ta sake duba injin ba da safen. Na ce ta tashi, hayaƙi na shiga mata ido. Ta ce ba ta taɓa sanin na iya faɗarsa daidai ba. Na ce ta miƙo mini ludayi.

Ban yi nadama ba, ko a ranar da aka fi guje mini. A wannan satin aka goge tambayoyin nan biyu daga kowane inji, ba a ƙara yi wa wata mace su ba. Kaka ta gaba ƙanen kakanku ya kai masararsa Funtuwa ya dawo hannu sake, yana ta fito a mota. Matan da suka ja mini tsaki, da yawansu ni na raka su suka buɗe ajiya, don sun ce ni na san hanya.

Ga kuma yadda kowa ya ƙare. Mista Bankole ya cika alkawari, aka ja abin zuwa wasu garuruwa, ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, ban ƙara jin labarinsa ba. Malam Isiyaku, Allah ya ji ƙansa, har ya rasu in ya gan ni a Funtuwa sai ya ba ni haƙuri, ni kuma in ce masa ai karatu kawai ya yi. Sande ya auri 'yar Bakori, ya buɗe nasa wurin koyar da kwamfuta, duk Kirsimeti yana aiko mini da turmin atamfa, wai kuɗin faifai. Kakanku ya riga ni, ya tafi bai ji sunansa a bakina ba, kuma haka ya so. Tabawa mun shirya, a ɗakina ta yi jinyarta ta ƙarshe, a kan cinyata ta cika. Kafin nan ta ce mini da ita ce a gaban kantar nan da ba ta iya ba, kuma ta gode da na iya.

Mama ta Kaduna kuwa ta yi ta hawa har ta zama babba a kan duk masu irin aikinta, yanzu ta ajiye, ita ma ta yi jikoki. Abin da suka fara da waya ɗaya mai faɗuwa in an yi iska, yau ga shi a tafin hannunku, kuna dannawa kuna kwance. Tana kirana kowace Lahadi bayan an taso coci. Har yau ke yarinya nake ce mata, da furfurarta da komai. Wani lokaci in ta so tsokana sai ta ce, Inna, injin ya ce ya manta, ki sake faɗa masa. Ni kuwa amsata ɗaya ce kullum.

"Injin bai manta ba. Ke ma ba ki manta ba."

Nan ta tsaya. Ku ɗauki kunnuwanku, na gode da aro. In kuka sake jin wani ya ce Ta-banki, ku amsa masa da kyau, sunan kakarku ne, da bakinta ta saye shi.